Baburin Wani

Tawa, 28 ga Afrilu

Zuwa ga Gwaggona Alisabatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kina lafiya, ke da dukan mutanen gida a Tibiri. Yaya gwiwar nan taki? Yaya zafi? Mu nan rana ta buɗe sosai, daga ƙarfe sha ɗaya ba mai iya taɓa ƙarfe da hannu a garejina. Rut da yara suna gaishe ki.

Na san za ki ce sai da wani abu ya tsaya mini a rai na tuna da takarda. Gaskiyarki. Amma har da laifin kunnenki, domin in na kira ki a waya, ni ina zancen babur, ke kina ba ni amsa a kan gero. Shi ya sa na koma ba Nasrullahi direba wasiƙa, tunda duk Alhamis yana bi ta ƙofarki.

Jiya Lahadi, na fito daga sujada ke nan, sai Sule mai faci, maƙwabcina a gareji, ya aiko wai wani dattijo yana jirana tun safe. Kin san Lahadi ce ranar kasuwar Tawa, ran nan mutanen ƙauye suke shigowa. Na je na tarar da shi tsugune a inuwa, dogo, siriri, da rawani ya rufe rabin fuska. Sunansa Ciɗo, daga wani ƙauye gaba da Affala. Motar kasuwa ta sauke masa tsohon babur da wani ƙaton kwali ɗaure da igiyar kaba.

Da na kwance kwalin sai na ga kayan mai da babur ya zama mai ƙafa uku ne, irin waɗanda 'yan kasuwa suke kawowa daga Ƙonni. Akwai sandar ƙarfe mai ɗaukar taya biyu na baya, da doguwar sarƙa, da kujera mai majingina, da jakar notina, har da takardar bayani cikin rubutun da ko malamin lakwal, mai koyar da boko, ba zai karanta ba. Ban damu da takardar ba. Shekara goma sha shida ina wannan aiki da akwatin sifanonin da kika kawo mini ranar da na buɗe gareji, wanda kika ce wani bawan Allah ne ya bayar. Har gobe ina yi wa marigayi Fasto Ibrahim addu'a a kansa, don na san shi ne.

Ga abin da ya sa na rubuto. Na tambayi dattijon ko shi zai hau, ya girgiza kai. Da ma na gani, don yadda ya riƙe kan baburin sai ka ce ƙahon rago ya kama. Na ce to wane ne zai hau, ya zo in auna kujerar da jikinsa. Sai ya zaro wata igiya daga aljihu, mai ƙulli huɗu, ya nuna mini: wannan daga kujera zuwa matakin ƙafa, wannan tsawon hannu, wannan faɗin mazauni. Na huɗun ya ce sai gaba. Na sake tambaya, na wane ne? Ya kalli bango ya ce, "Na wani na." Iyakar amsar ke nan. Ko ciniki bai yi ba, Gwaggo. Mutumin Adar ya shigo gareji ya fita bai yi ciniki ba!

Mai yiwuwa ba komai ba ne. Amma kin san irin idon da ake yi wa babur yanzu a arewacin nan saboda 'yan bindiga, kuma duk abin da na yi wa walda ina buga masa harafina a ƙasan kujera. In aka kama shi inda bai kamata ba, ƙofata za a fara ƙwanƙwasawa.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida Baba, in ya tambaya.

Ɗanki,
Bulus


Tawa, 12 ga Mayu

Gwaggona,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Na gode da daddawar, Rut ta ce ta Tibiri daban ce. A 'yar takardarki kin ce in yi aikina in bar bin ƙwaƙƙwafi, wai tun ina yaro haka nake, ko ƙosai aka ba ni sai na tsaga na leƙa ciki. To saurari abin da ya biyo baya, sannan ki yanke mini hukunci.

Na yanke bayan baburin, na ɗora sandar tayoyin, na ja sarƙa, kuma ba yabon kai ba, ya zauna daram. Lahadin da ta biyo Ciɗo ya zo ya zagaya shi sau biyu, bai ce ya yi kyau ba, sai ya fara jero abin da yake so a ƙara. Na farko, a toshe salansa ta yadda ba za a ji ƙararsa daga nesa ba. Na biyu, duk wani abu mai ƙyalli a shafe shi da baƙin fenti, har madubi a cire. Na uku, a cire tankin a ƙera wani mai cin lita ashirin. Na ce lita ashirin, zuwa ina? Ya ce daji.

Jiya kuma ya zo da sauran. Yana so birki da canjin bitesi, wato giya, duk su dawo hannu, kada ƙafa ta yi aikin komai. Sai na ji sanyi a raina, na ce ashe dai gurgu ne. Na tambaye shi haka kai tsaye. Gwaggo, da kin ga fuskarsa! Ya ja rawani har ƙarƙashin ido, ya tashi ya fita, ya yi kusan awa guda a bakin titi yana kallon motoci. Da ya dawo sai ya miƙo mini ƙulli na huɗu. Wai a yi wata maƙala ta ƙarfe a gefen dama, doguwa, siririya, inda mai hawa zai zare abu da hannu ɗaya ba tare da ya sauka ba. Na auna igiyar, ta fi mita ɗaya da kaɗan. Na ce me za a sa a ciki? Ya ce, "Kai dai yi aikinka, shi ya san abin da za ya sawa."

Ki haɗa su da kanki. Ba ƙara, ba ƙyalli, esansi, wato fetur, da zai kai mutum iyakar ƙasa ya dawo, da wurin rataya wani dogon abu a hannun dama. Sule ya ce ko yaron goye ya san mene ne mai tsawon mita ɗaya da ake zarewa da hannun dama. Na ce masa ai gurgu ne. Ya ce to a ina ya bar ƙafar? Kuma in gurgun Allah ne, me ya sa ake ɓoye sunansa? Tawa cike take da guragu masu babur, kowa ya san su, wasu ma ni na haɗa musu, suna zuwa da kansu muna ta ba'a. Wannan tambayar ce ta hana ni sakat.

Na gwada shi ta kowace hanya. Na ce ɗan'uwanka ne? Shiru. Maƙwabci? Shiru. Na ce aƙalla sunansa, in rubuta a littafin aiki. Sai ya ce "wancan" ba ya son yawan magana. Wancan! Kin san yadda kalmar nan take ƙona mini rai. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Tun ina wata goma aka miƙa miki ni, ya zauna katanga ɗaya tsakaninmu, yana kiran ƙannena Daniyel da Debora da sunansu, yana ɗora su a kafaɗa, ni kuwa "wancan", ko "mai walda". Garejin nan ko sau ɗaya bai tako ba. Na san za ki ce al'ada ce, ni ɗan fari ne. Ni dai abin da na sani, wanda kake ƙauna ba ka ɓoye shi. Saboda haka in na ji mutum yana cewa wancan, ba alheri nake tsammani ba.

Sule yana so mu kai maganar wurin mai unguwa. Na ƙi, don in tsohon nan ya shiga hannu bisa maganata, alhali ba ni da shaida sai igiya mai ƙulli, ban san ranar fitowarsa ba. Amma kuma in na miƙa baburin aka je aka zubar da jini da shi fa? Rut ta ce in mayar masa da kayansa. Ai wani garejin zai kai, a haɗa masa yadda yake so.

Ki ba ni shawara, ke kika raine ni.

Naki,
Bulus


Tawa, 21 ga Mayu

Gwaggona abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata lafiya ce ta sa na ji shiru. An ce motar Nasrullahi ta lalace a Madawa bayan ya kai miki wasiƙata, shi ya sa har yau bai dawo ba. Na jira amsarki har na gaji, na yanke shawara ni kaɗai, kuma ko Rut ban gaya wa ba. Ke zan gaya wa.

Na yi duk abin da ya ce. Salansa ta yi shiru har sai ka sa kunne, fenti baƙi ƙirin, maƙalar tana gefen dama. Amma a cikin tankin na yi wani abu. Bari in yi miki bayani yadda za ki gane. A ƙasan kowane tanki akwai ɗan famfo, a kansa kuma akwai guntun bututu da yake tsaye a ciki, ta bakinsa esansi yake gangarawa zuwa inji. Ni sai na sa bututu dogo, wanda ya kusa kai saman tankin, na kuma toshe ramin ajiya na ƙasa da dalma. Ma'ana, in an cika shi, lita huɗu kawai injin zai sha. Daga nan zai mutu, mai shi ya buɗe tanki ya ga esansi fal, ya yi ta bugawa har ya gaji. Ba makanikin ƙauyen da zai gano wannan sai ya fasa tankin.

Lissafina shi ne, in mugu ne, zai mutu masa a tsakiyar daji kafin ya isa inda zai yi ɓarna. Ban kai kowa ƙara ba, ban kuma ba mugu ƙafa ba. Har na ji daɗin dabarata, na ce kai Bulus, da ka yi karatu da yanzu wani zance ake.

Ranar Lahadi ya zo, na cika masa tankin, muka ɗora baburin a kan motar kasuwa mu shida. Shi ya ɗaure shi da kansa, ya cire mayafinsa ya lulluɓe kujerar don kada rana ta fasa fatar. Sannan ya kwance wani ƙunshi ya ba ni cuku guda biyar, ya ce a kai wa yara. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Cukun yana nan, na hana yara taɓawa, ni ma ban san dalili ba. Tun ranar abinci ba ya mini daɗi. Mugu yana lulluɓe kujera da mayafinsa? Sule ya ce mugaye ma suna da wayo. Haka nake ta faɗa wa kaina.

Gobe in Nasrullahi ya zo zan ba shi wannan. Ki huta lafiya.

Ɗanki,
Bulus


Tawa, 24 ga Mayu

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina gaida gida. Yau gaisuwata gajera ce, ki yi haƙuri. Za ki sami wannan tare da ta ranar Laraba, don da Nasrullahi ya miƙo mini taki na karanta a tsaye, na kasa ba shi tawa. Ki fara da waccan, ki ga irin ɗan da kika raina.

Kin ce kin karanta wa Baba wasiƙata a gindin dalbejiya, dukanta, har wurin da na zage a kansa, kuma ya saurara har kika kai ƙarshe. Sannan ya juya wajen awakinsa ya ce a gaya wa mai walda, mutum ɗaya ne tak a duniya da uba ba ya iya kama sunansa, ba ya iya auna jikinsa da hannu, ba ya kuma iya faɗin lalurarsa a gaban baƙo. Kuma wai mai walda ya fi kowa sanin wannan mutumin. Gwaggo, sai da na zauna a kan tsohuwar taya. Ni da aka kira wancan tun ina zanen goyo, a ce ban gane wancan ba!

Jiya Juma'a da sassafe na ɗauki akwatina na kama hanyar Affala. Na yi ta tambaya har na isa ƙauyen wajen sha ɗaya. Wata mata mai suna Kadidiya, ƙanwar Ciɗo, ita ta buɗe mini komai a bakin ƙofa. Sadiƙu ne sunansa, ɗan farin Ciɗo, makiyayin tumaki. Shekara biyu da suka wuce rijiya ta rufta da shi, ƙafafunsa suka mutu, tun daga nan yake zaune a zaure yana kallon tumakinsa suna fita da wani. Salansa da baƙin fenti don kada dabbobi su firgita ne. Babban tanki don babu mai sayar da esansi a inda suke kiwo. Ƙulle-ƙullen igiyar kuwa, a jikin wandon Sadiƙu da rigarsa uban ya auna su, suna shanye a kan danga, lokacin da ba kowa a gida. Ban tambaye ta maƙalar ba, don na riga na san sandunansa na dogarawa za su shiga.

Ta ce kwana huɗu yana koyo a bayan gari, yara suna binsa da ihu. Ranar da na je ce karo na farko da ya fita da garken shi kaɗai zuwa rijiya mai nisa, tun da asuba. Wajen goma tumakin suka dawo su kaɗai. Ciɗo ya gan su, ya ɗauki gorar ruwa, ya ce wa mutanen gida wai rago ɗaya ya ɓata, zai je nema. Kadidiya ta ce ta ƙirga, ragunan duk suna nan.

Ban san yadda na tayar da baburina ba. Sawun taya uku ba ya ɓoyuwa a rairayi, na bi shi. Rana tana tsakar ka, ba itace ko ɗaya mai inuwar kirki, sai ƙaya. Ina tafe ina lissafin lita huɗu, ina cewa ya Ubangiji, kada ka ɗora mini ran mutumin nan.

Na yi kamar kilomita tara sai na hango su. Sadiƙu yana kan kujera riƙe da kan baburin, leɓunansa sun tsattsage, ya yi sama da awa biyu a rana kafin uban ya iso, don ba ya iya sauka ya ja jiki a kan rairayi mai zafi haka. Tsohon kuwa yana baya, ya kafa kafaɗa a majinginar kujerar yana turawa, rawani ya warware yana ja a ƙasa. In ya tura taku goma sai ya tsaya ya yi haki. Kuma na lura da wani abu kafin su ji zuwana. Duk tsayawar da zai yi, ƙeyar ɗan yake kallo, kallon da ban taɓa ganin ya yi wa komai ba. Da Sadiƙu ya waiwayo, sai ya mai da idonsa kan taya.

Aikin bai ci minti ashirin ba. Na juye esansin a jarka, na kwance famfon, na yanke bututun, na huda dalmar. Bugu ɗaya ya tashi. Sadiƙu ya yi ta sa mini albarka, wai Allah ne ya jefo ni. Da na yi shiru, da har yau ni ne gwarzon ƙauyen. Amma na kasa. Na ɗaga guntun bututun na nuna musu, na faɗi abin da na yi da abin da na zata, ban rage komai ba. Sadiƙu ya kalle ni, ya kalli maƙalar da sandunansa a ciki, sai ya yi wata 'yar dariya marar daɗi ya kau da kai. Na fi son da ya mare ni.

Don in rage wa kaina nauyi, na ce wa tsohon, Baba, da kalma ɗaya ka faɗa mini, da duk wannan bai faru ba. Ya ɗauki lokaci yana naɗa rawaninsa. Sannan ya dube ni ya ce, "Kai, ba ka da uba?" Bai ƙara ba. Ya juya wajen wata ƙaya ya ce a gaya wa wancan ya yi gaba ya sha ruwa, shi zai taho a hankali. Na roƙe shi ya hau bayana, ya ƙi. Haka na bi shi ina tura baburina a ƙasa har gida, don ban ga fuskar da zan wuce shi da ita ba. A bakin gari ne ya karɓi gorata ya sha, na ɗauka wannan ita ce yafewar da zan samu.

Saura ƙarshen wasiƙarki, wanda na karanta ya fi sau goma. Kin ce ba Fasto Ibrahim ba ne. Kin ce Baba ne ya je Maraɗi ya zaɓi sifanonin ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka ƙera akwatin, ya ɗauko shi a ka daga tasha har ɗakinki, ya ajiye ya ce wani ya ce a ba wancan, kuma kada a faɗa. Shekara goma sha shida ina buɗe akwatin nan kowace safiya ina gode wa wani mutum daban. Ke ma da naki, Gwaggo, kin iya riƙe magana.

Yanzu ga roƙona. Kada ki karanta masa wannan, zai ji nauyi ya tashi. Ki bari sai yana gindin dalbejiya, ki je kamar za ki ba awaki dusa, ki faɗa musu yadda zai ji, cewa akwatin yana nan, ko sifana ɗaya ba ta ɓata ba. Ki ce musu kuma mai walda zai zo gida ƙarshen wata, zai zauna a ƙarshen tabarma, ba sai an ce masa komai ba.

Rut tana gaishe ki. Yara sun cinye cukun.

Ɗanki har kullum,
Bulus, wanda wani yake kira wancan